Katangar Wa Suka Haura? Tarken Horon da Ake Ba Matasan 'Yan Jarida kan Labarun Ƙaura

Akwai wata kalma da kunnen Bahaushe ya saba da ita a 'yan shekarun nan har ya daina jin nauyinta, wato "baƙin haure". Da ita ake buɗe labarun rediyo in kwalekwale ya kife a tekun Bahar Rum, da ita ake rufe su in jirgi ya sauke waɗanda aka kwaso daga Libiya. Amma mai karatu ya je Zarewa ko Fulatan a ƙasar Rogo, ko Yammedi a ƙasar Ƙaraye, ya sami dattijuwar da ɗanta ya bar gida bayan girbi, ya tambaye ta ina yake. Za ta ce ya tafi ci-rani, ko ya yi Kurmi, ko yana Ikko wajen neman na kansa. Ba za ta ce ya yi haure ba, domin a harshenta haure aikin wanda ya ƙi ƙofa ya bi ta katanga ne da tsakar dare, kuma sunan mai yin haka sananne ne.

Matashin da ke riƙe da makirfo ba shi ya ƙagi wannan kalma ba. Tarar da ita ya yi a ɗakin labarai, sa'annan aka ƙara zaunar masa da ita a tarukan horaswa da suka yawaita a Kano da Abuja, waɗanda ake shirya su da sunan koya wa matasan 'yan jarida ba da labarin ƙaura da kuma tattaunawa tsakanin al'adu. Wannan horo shi nake son in ɗora a kan faifai, in yi masa irin tambayoyin da ɗalibin adabi ke yi wa littafi: wa ya tsara shi, wa aka nufa da shi, muryar wa aka bari a waje? Ma'aunina kuwa ƙasar Ƙaraye da Rogo ce, ƙananan hukumomi biyu na yammacin Jihar Kano waɗanda suka zama masarauta guda a sabon tsarin 2024, domin a nan na tashi, kuma nan ne na san masu tafiya da sunayensu.

Tarihin horon ba ɓoyayye ba ne. A watan Nuwamba na 2015, shekarar da ɗimbin mutane suka kwarara Turai, shugabannin Turai da na Afirka suka hadu a Baleta ta ƙasar Malta, aka kafa asusun gaggawa wanda ya fara da Yuro biliyan 1.8 don magance abin da suka kira tushen ƙaura ba bisa ƙa'ida ba. A cikin wannan shekarar ce Nijar ta kafa dokar da ta haramta jigilar matafiya ta hamada, abin da ya durƙusar da direbobin Agadas. A 2017 tashar CNN ta nuna hoton cinikin mutane a Libiya, duniya ta girgiza, Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya ta shiga kwaso dubban 'yan Nijeriya zuwa gida. A cikin wannan yanayi ne tarukan wayar da kan 'yan jarida suka bunƙasa, har hukumar UNESCO ta fitar da littafin jagora ga malaman aikin jarida kan wannan batu a 2021. Ba zargi nake yi ba, lissafi ne kawai: kuɗin ya fito ne daga ɓangaren da ke son a rage masu isa gaɓarsa, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Adalci ya wajabta a faɗi alherin abin kafin aibinsa. A irin waɗannan tarukan ne da yawa daga cikinmu suka fara jin cewa ba a ɗaukar hoton yarinyar da aka ceto daga hannun masu safara sai da yardarta, kuma ko ta yarda a kan ɓoye fuskarta. Cewa akwai bambanci tsakanin wanda ya biya direba da kansa don a tsallaka da shi da wanda aka yaudara aka sayar. Cewa adadin da ba a san tushensa ba ba ya shiga labari. Waɗannan darussa ne na gaske, kuma ɗakunan labaranmu sun fi da tsabta saboda su. Wanda ya tuna yadda ake jera waɗanda ake zargi gaban kyamara kamar buhunan hatsi a kasuwa ba zai raina su ba.

Na taɓa zama a ɗaya daga cikin waɗannan tarukan, kwana uku a wani otal a birnin Kano. An nuna mana taswira mai kibiyoyi, dukkansu sun nufi arewa: daga Kano zuwa Damagaram, zuwa Agadas, zuwa Sabha, zuwa teku. A rana ta ƙarshe aka ce kowa ya koma garinsu ya kawo labarin ƙaura guda. Na koma Rogo na yi mako ina neman wanda ya taɓa shiga kwalekwale, ban samu ba, na rubuta wa masu taron cewa garinmu babu labari. A makon nan kuwa na raka ƙanina tasha zai tafi Fatakwal, na yi sallama da maƙwabcinmu da zai kai 'ya'yansa biyu karatun allo gabas, na ga shanun Fulani sun ratsa bayan gari sun nufi kudu, na kuma gaisa da wata mata da ta zo daga yammacin Katsina da 'ya'yanta bayan 'yan bindiga sun tashi ƙauyensu. Duk na gan su da idona, amma idon da aka ara mini bai ƙirga ko ɗaya ba.

A nan ne nake ganin babban gurbin horon, kuma gurbi ne na harshe. Ana koyarwa da Turanci, ana tunani da Turanci, sa'annan a bar yaro ya nemo kalma guda ta Hausa da zai zuba komai a ciki. Alhali Hausa ba ta san tafiya iri guda ba. Ci-rani tafiyar manomi ce bayan an kai amfanin gona rumbu, ya rage wa gida baki ɗaya, ya samo kuɗin taki, ya dawo kafin shuka. Sunan kansa ya faɗi dalili da wa'adi, rani za a ci, ba shekara ba. Fatauci tafiyar mai jari ce, irin wadda ta kai kakanninmu Gwanja neman goro tun kafin a ja iyakokin da ake maganar haurawa a yau. Almajiranci tafiyar neman karatu ce. Mashekari wurin da makiyayi ke kai dabbobinsa ne na ɗan lokaci, ya san ranar zuwa, ya san ta komawa. Ƙaura ita ce tashi da tukunya da turmi ba da niyyar dawowa ba. Hijira tana da nauyin addini, irin ta waɗanda suka yi gabas bayan yaƙin Burmi a 1903, waɗanda jikokinsu ke Mai Wurno a Sudan har gobe. Gudun hijira kuwa na wanda bai zaɓa ba ne. Ga takari, sunan da ake kiran wanda ya je ƙasa mai tsarki ya zauna ba takarda. Ga yawon duniya, wanda a bakin iyaye ba yabo ba ne.

Kowace daga cikin waɗannan kalmomi tana ɗauke da hukuncin al'umma a kan mai tafiyar: ko a yi masa addu'a, ko a tausaya masa, ko a yi masa faɗa. Ɗan jaridar da ya tattara su duka ya kira su baƙin haure bai taƙaita ba, ya sauya mai hukunci ne. Ya karɓe alƙalanci daga hannun uwar matafiyi ya miƙa wa jami'in kan iyaka. Ko kalmar "'yan ci-rani" da wasu kafafe suka koma amfani da ita don gudun waccan, an miƙe ta har ta tsinke, ana kiran wanda ya shekara goma a Italiya da ita, mutumin da ba shi da daminar da zai dawo wa. Na fi son wannan kuskure da wancan, domin kuskure ne na tausayi, amma kuskure ne.

Sai kuma ƙaurar da ba ta da kibiya a taswirar kowa. A 1992 aka kammala madatsar ruwa ta Challawa a ƙasar Ƙaraye. Ruwa ya hau, gonaki da fadamu da gidaje suka nutse, aka tsugunar da mutanensu a sababbin wurare. Manomin da ya gaji gona tun kaka da kakanni ya wayi gari yana kallon inda take daga bakin gaɓa. Wani ya koyi su, wani ya koma noman rani, wani ya shiga mota. Masunta daga wasu wurare suka zo suka zauna, aka sami baƙi a inda 'yan gida suka tashi. A can ƙasa kuma, a fadamun Haɗeja da Nguru, canjin da madatsun Tiga da Challawa suka kawo wa tafiyar ruwa ya taɓa masu shinkafa da masunta da makiyaya. Wannan duka labarin ƙaura ne, mai tushe, mai shekaru sama da talatin, kuma ana iya isa gare shi da kuɗin babur. Amma mutanen Challawa ba su nufi gaɓar kowa ba, don haka ba su shiga jadawalin darasi.

Ko labarin hamadar ma da aka fi ba muhimmanci, ba kullum ake ba da shi daidai ba. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawawwakin mutum 92 a arewacin Nijar kusa da iyakar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace. Mafi yawansu mata ne da ƙananan yara daga yankin Kance na jihar Damagaram, Hausawa manoma kamar na Rogo, kuma Aljeriya suka nufa neman abin da za su ci, ba Turai ba. Mafi yawan masu barin gida a Afirka ta Yamma a cikin yankin suke tsayawa, kuma tun 1979 yarjejeniyar ECOWAS ta ba ɗan yankin damar shiga ƙasar maƙwabta ba biza. Bakanon da ya bi ta Maigatari ko Kongolam ya shiga Nijar a waɗancan shekaru ta ƙofa ya bi. Da sojojin Nijar suka soke dokar 2015 a watan Nuwamba na 2023, direban da jiya ake kira mai laifi ya koma direba, ba tare da ya canja mota ko hanya ba. Ɗan jaridar da kalmominsa ke bin doka irin wannan sau da ƙafa, zai riƙa sauya wa mutum ɗaya suna duk lokacin da aka sauya gwamnati.

Rabin horon na biyu, wato tattaunawa tsakanin al'adu, shi ya fi ba ni takaici, domin shi muka fi bukata kuma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Abin da aka fi yi shi ne a zaunar da matasa a zagaye, kowa ya faɗi abincin garinsu da irin rigarsu, a tafa, a ɗauki hoto. Wannan gaisuwa ce, ba tattaunawa ba. Ranar da aka bukaci ta gaske, an ga yadda muke. A ƙarshen watan Maris na 2025, a garin Uromi na Jihar Edo, 'yan sintiri suka tare wata babbar mota da ta taso daga Fatakwal, suka ga bindigogin toka a hannun fasinjoji, aka yi musu kururuwar masu garkuwa da mutane, taron jama'a ya kashe mutum 16. Mafarauta ne 'yan Jihar Kano, yawancinsu daga ƙasar Bunkure, suna kan hanyar gida yin Sallah. Daga baya gwamnan Edo, Monday Okpebholo, ya zo Kano ta'aziyya.

Ba 'yan Rogo ba ne, amma irin motar da ƙanina ke shiga ce, kuma hanyar ce. Abin da ya dame ni a matsayin mai nazarin labarai shi ne abin da ba a rubuta ba kafin ranar. Ban taɓa cin karo da rahoton da ya zauna ya bayyana wa mai karatu na kudu cewa farauta sana'a ce mai sarki da ƙa'ida a ƙasar Hausa, cewa mafarauci na tafiya da karensa da bindigarsa kamar yadda maƙeri ke tafiya da uwar maƙera ba. Haka kuma ban ji wanda ya bayyana wa mai sauraro na arewa irin tsoron da satar mutane ta dasa a ƙauyukan Edo ba, tsoron da mu ma mun san ɗanɗanonsa. Fahimtar tsoro ba ta wanke kisa, kuma ba a nemi ta wanke ba. Amma bayan abin ya faru, kowane ɓangare ya yi magana da nasa a harshensa, shafukan Facebook suka cika da wuta, 'yan jarida da yawa suka zama masu ɗauko itace. Matashin da aka koya wa taswirar Libiya ba a taɓa koya masa yadda zai kira abokin aikinsa na Benin su rubuta labari ɗaya tare ba.

Abin mamaki shi ne ƙasar nan tana da makarantarta ta zama da baƙo, wadda ba a gayyatar malamanta otal. Rogo na zaune ne inda ƙasar Kano ta haɗa kafaɗa da Katsina da Zazzau. A kasuwanninta Bakano na tsokanar Bazazzagi, Bafulatani na tsokanar Babarbare, a faɗi maganar da a wani bakin za ta jawo faɗa, a yi dariya a rabu. Wasan taubasantaka hanya ce ta faɗin bambanci ba tare da zub da jini ba. Akwai fatoma mai saukar da baƙon ɗan kasuwa ya tsaya masa. Akwai mai unguwa da ake kai masa baƙo kafin a ba shi ɗaki. Akwai ardo da dagaci da ke zama kan ɓarnar gona. A can kudu akwai Sarkin Hausawa a kowane zango, kamar Sabo ta Ibadan. Ba na cewa waɗannan hanyoyi ba su da aibi. Sukan danne mace, sukan fifita mai hali, kuma Maguzawa da Hausawa Kiristoci na wannan yanki za su iya ba da labarin zaman da dariyar kasuwa ba ta gyara ba. Amma ɗan jaridar da bai san su ba, bai san inda rigima ke mutuwa ba, bai kuma san inda ake binne ta da rai ba.

Akwai wani littafi da ya kamata a ce shi ne darasin farko ga duk matashin yankin nan mai son aikin jarida, kuma daga ƙasar Rogo ya fito. Baba, wadda aka haifa wajen 1877 a Karo kusa da Zarewa, ta ba wata Baturiya mai suna Mary Smith labarin rayuwarta a garin Giwa ta ƙasar Zazzau tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950. Baba ta rasu a 1951, littafin kuma ya fito da Turanci a 1954 da sunan Baba of Karo. Zuriyarta Barebari ce da ta taso daga Barno, wato ita kanta jikar ƙaura ce. Ta ga zamanin hare-haren kamun bayi da biyan fansa, ta ga zuwan Turawa, aure ya yi ta ɗaukarta daga wannan gari zuwa wancan. Abin lura ga mai tarke shi ne yadda aka samo labarin: mace ce ta koyi harshen wata mace, ta zauna da ita makonni, ta bar ta ta fara daga inda take so, ta kira abubuwa da sunayen da ta san su. Ba ta zo da kibiya ta nemi wanda zai hau kanta ba.

Littafin yana da nasa tabo, kuma tabon ma darasi ne. A ƙarƙashin mulkin mallaka aka yi shi, lokacin da mijin marubuciyar, M. G. Smith, ke bincikensa a Zazzau, kuma masu karatun Turanci aka fara nufa da shi, ba jikokin maƙwabtan Baba ba. Sa'annan Baba 'yar gidan masu rinji ce. Bayin da suka noma gonakin Karo, waɗanda su ma ɗauko su aka yi daga garuruwansu, ta bakinta kawai muke jin su. Ko sauraro mafi haƙuri, in na mutum ɗaya ne, yana barin wani a bakin zaure. Wanda ya karanta shi da wannan ido zai gane cewa bayan ya ji manomin da shanu suka shiga gonarsa, saura ya je ruga; bayan ya ji malamin tsangaya, saura yaron, musamman in ya tuna 2020, lokacin annobar korona, da gwamnatocin arewa, har da ta Kano, suka riƙa loda almajirai a motoci ana mayar da su jihohinsu, aka yi ta ƙirga su a labarai ba a cika tambayarsu ba.

Za a iya cewa ina neman abin da ɗakin labarai ba zai iya ba, domin Mary Smith makonni ta samu, wakilin rediyo kuwa minti biyu ake ba shi, kuma sau da yawa kuɗin motarsa daga aljihunsa ne. Wannan gaskiya ce, ita ce ma ta sa taron otal ke da farin jini, tun da ana ba da kuɗin zama. Amma tsada ba ita ce ta hana ba. Tsangayar koyar da aikin sadarwa ta Jami'ar Bayero da gidajen rediyon Kano, waɗanda suka yawaita tun bayan buɗe Freedom a 2003, suna da ɗalibai da wakilai daga kowace ƙaramar hukuma. Kuɗin kwana uku a otal zai kai ɗalibi ashirin garuruwansu su yi wata guda, kowa da aiki ɗaya: ya zauna a tasha ranar kasuwa, ya rubuta wa ya tafi, ina ya nufa, da wace kalma ya kira tafiyarsa. Gaskiya Ta Fi Kwabo, tun kafuwarta a 1939 da Abubakar Imam, ta ja masu karatu ne da Hausar da suka gane tasu ce, ba da fassara ba.

Bayan shekara biyu da wancan taro na koma bakin Challawa da waya a hannu, ba wanda ya aike ni. Na sami wani dattijo yana gyaran koma a gindin bishiya. Na ce masa ina son labarin ƙaurarsu. Ya ce su ba su yi ƙaura ba, tashinsu aka yi, in gyara tambayata. Na gyara. Ya ajiye komar, ya nuna tsakiyar ruwa da haɓa, ya fara jero gonakin da ke ƙarƙashinsa ɗaya bayan ɗaya, kowace da sunan mai ita da irin abin da take bayarwa, da inda 'ya'yan mai ita suke a yau: wannan Abuja, wannan Ikko, wannan ya rasu a hanyar Fatakwal. Sai da la'asar ta yi sanyi bai kai ƙarshen gabashin garin ba, ya ce in dawo ranar Laraba mu yi yamma.